Wace tayar hunturu ce ta dace da BMW M3 a Kanada? Ina neman shawarar 'yan uwa

Dakta_Nura_Gwale:
Assalamu alaikum warahmatullah. Na san yawancinmu a wannan zaure muna Kano ne, kuma tambayata ba ta shafi hanyoyinmu kai tsaye ba, amma akwai waɗanda suka zauna ƙasashen sanyi a cikinmu, akwai kuma masu sana'ar taya da kanikawa da suka fi ni sanin ƙarfe da roba. Yanzu haka ina gida hutu, ƙarshen watan Oktoba zan koma Montiriyal inda nake aiki. A watan Mayu na sayi BMW M3 ƙirar 2017, mai jan baya ce, wato ƙafafun baya ne suke tura ta, kuma tayoyin lokacin zafi ne a ƙafarta, Michelin Pilot Super Sport, na gaba 255/35 R19, na baya 275/35 R19. Shekaru biyun da na yi a can jirgin ƙasa da bas nake hawa, saboda haka wannan ne hunturuna na farko da mota.

Dokar lardin Kebek, inda Montiriyal take, ta wajabta sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, wanda aka kama ba tare da su ba kuwa tararsa ta kama daga dalar Kanada 200 zuwa 300, don haka maganar ko zan saya ba ta taso ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mai shagon taya ya ce iri biyu ne. Akwai waɗanda aka ƙera domin motoci masu gudu, kamar Michelin Pilot Alpin da Pirelli Sottozero, akwai kuma masu taushin roba na ƙanƙara zalla, kamar Nokian Hakkapeliitta R5 da Bridgestone Blizzak WS90. Wanne ya kamata in ɗauka? Sannan in bar su a kan wilina mai inci 19, ko in sayi wasu ƙanana daban? Tafiyata ta kullum kilomita 18 ce zuwa asibiti, rabinta babbar hanya, kuma wani lokaci da asuba nake fita.

Abba_Kurna:
Wa alaikumus salam, Dakta. Ni a ganina ka kulle wannan mota a gareji har sanyi ya wuce, ka nemi ƙaramar Corolla ta hannu ka riƙa zuwa aiki da ita. Na ji ana cewa gishirin da suke watsawa a titi yana cin ƙarfen mota, kuma mota irin wannan ba ta cancanci haka ba.

Dakta_Nura_Gwale:
Na gode, Abba. Na yi wannan tunanin, sai dai wurin ajiye mota ɗaya kawai nake da shi a gidan da nake haya, kuma ko Corollar na saya, ita ma sai doka ta nemi tayoyin hunturu a kanta, ga inshora ta biyu.

Injiniya_Kabiru_Munik:
Dakta, barka da hutu. Shekarata tara a Jamus, kuma duk shekara sau biyu nake canza taya, saboda haka bari in fara da abin da mutane da yawa ba su gane ba. Ba zanen taya kaɗai ne ya bambanta tayar hunturu da ta zafi ba, asalin bambancin yana cikin haɗin robar. Robar da ke ƙafar motarka yanzu an yi ta ne domin ta ɗauki zafi ta manne wa kwalta, amma da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas sai ta fara ƙandarewa, idan ya kai sifili kuwa ta zama kamar busasshiyar fata. Tayar hunturu tana riƙe taushinta a cikin sanyi, sannan an tsattsaga kowane ƙulli na zanenta da ƙananan tsagu masu yawa, waɗanda suke buɗewa su ciji ƙanƙara idan nauyin mota ya hau su.

Shawarata ita ce Pilot Alpin, ko Continental WinterContact TS 860 S idan ka samu. Dalilina shi ne motarka tana da ƙarfin doki 425, kuma ƙarfin murɗawar injinta yana kaiwa 550 Nm tun injin bai ɗauki gudu sosai ba. Idan ka ɗora wannan ƙarfi a kan roba mai laushi sosai, za ka ji motar tana lilo a kwana, sitiyarin ba ya amsa ka nan take, kuma tayoyin baya ba za su daɗe ba. Ka duba harafin gudu da ke jikin taya. Masu taushin nan yawanci R ne ko T ko H, wato kilomita 170, 190 ko 210 a awa, alhali na motocin gudu V ne ko W, wato 240 ko 270. Wanda ya sayi M3 ya saye ta ne domin yadda take bin hannu, bai kamata ya yi wata huɗu ko biyar yana tuƙa ta kamar kwale-kwale ba.

Maman_Ilham_Otawa:
Injiniya, bayaninka a kan roba daidai ne, amma ka yi haƙuri, shawarar ta Jamus ce, ba ta Kanada ba. Ku a can sanyinku yawanci yana yawo ne a kusa da sifili, tituna a jiƙe, kuma kuna da babbar hanyar da a wasu sassanta ba a ƙayyade gudu ba. A Kebek iyakar gudu a babbar hanya kilomita 100 ce a awa, to harafin V da W wane amfani za su yi wa Dakta? A Montiriyal cikin Janairu digiri 10 ƙasa da sifili abu ne na yau da kullum, wani lokaci da asuba ya wuce 20, kuma a irin wannan sanyi gishirin titi ma ba ya narka ƙanƙara yadda ya kamata.

Bari in faɗi abin da ya same ni. Hunturuna na biyu a nan, maigidana ya sa mana irin waɗannan tayoyi na masu gudu a motarmu, domin shi ma mutum ne mai son ya ji mota tana bin hannunsa. Wata safiya ina kai yara makaranta, an yi ruwan sama da daddare ya daskare a kan titi, kwalta tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Gudun da nake yi bai kai kilomita 30 ba. Na taka birki tun daga nesa kafin alamar tsayawa, na ji fedar tana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafata, motar kuwa tana ci gaba da tafiya a hankali kamar ana jan ta da igiya, har muka tsaya a tsakiyar mahaɗar. Allah ya kiyaye babu mai zuwa. 'Yata da ke kujerar baya ta tambaye ni me ya sa ban tsaya ba, na kasa ba ta amsa. A makon muka koma Hakkapeliitta, kuma a wannan mahaɗar dai na sake bi a rana irin wannan na ga bambanci da idona. Mutumin da zai fita asibiti da asuba, kafin motocin share titi su gama aikinsu, birki a kan ƙanƙara ya fi masa komai muhimmanci.

Injiniya_Kabiru_Munik:
Hajiya, Allah ya ƙara kiyayewa. Na karɓi gyaran game da harafin gudu, domin a kilomita 100 ba shi ne abin dubawa ba. Amma ina nan a kan bakana game da sauran. Kwana nawa ne a cikin hunturu titin birni yake daskarewa haka? Yawancin ranaku babbar hanya a share take, ko busasshiya ko mai ruwa-ruwa, kuma a kan irin wannan kwalta tayar motocin gudu ta fi mai laushi saurin tsayawa. Kowace taya akwai inda take rauni.

Maman_Ilham_Otawa:
Gaskiya ne, Injiniya, sai dai a busasshiyar kwalta kowace daga cikinsu tana riƙe mota gwargwado, direba mai hankali zai rage gudu ya cike giɓin. A kan ƙanƙara mai santsi kuwa na rage gudu har ƙasa da 30, bai cece ni ba.

Malam_Isa_MaiFaci:
Salamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina bin wannan magana da kyau domin ta taɓo sana'ata, shekara 22 ina faci da sayar da taya a Ƙofar Ruwa. Ina da tambaya ga Injiniya da Hajiya. Wannan tayar hunturu da kuke faɗa, ita ce mai zanen dutse mai kawuna uku da wata 'yar alama kamar tauraro a cikinsa? Domin a cikin tayoyin Beljiyam da suke shigo mana ina yawan ganin wannan tambari, wasu kuma an rubuta M+S. Mutane suna rububinsu saboda zanensu yana da zurfi, idan ka danna da babban yatsa kuma robar tana lotsawa, sai a ce ai wannan sabuwa ce fil.

Injiniya_Kabiru_Munik:
Ita ce, Malam Isa. Abin da ke cikin dutsen ba tauraro ba ne, hoton ƙwayar dusar ƙanƙara ne, kuma ba a yarda a buga shi a taya ba sai ta ci gwajin riƙo a kan dusar ƙanƙara. M+S kuwa yana nufin taɓo da dusar ƙanƙara, amma babu irin wannan gwaji a bayansa, shi ya sa a Jamus tun daga 1 ga Oktoba 2024 ba a ƙara lissafa mai M+S kaɗai a matsayin tayar hunturu. Dalilin da ya sa kake ganinsu da zane mai zurfi shi ne a nan ana ba da shawarar a sauke tayar hunturu idan zurfin zanenta ya ragu zuwa milimita 4, ko da yake doka ta tsaya a 1.6. Abin da ya gama aiki a wurinmu ke nan ake tattarawa a turo muku.

Alhaji_Garba_Dila:
Wallahi yau na samu amsar abin da ya daɗe yana damuna. Ni motoci nake kawowa, yawanci daga Amurka da Kanada ta Kwatano da Legas, kuma na lura waɗanda aka ɗora wa jirgi daga Kanada wajen Fabrairu da Maris sukan iso da irin waɗannan tayoyi. Bara na sayar wa wani bawan Allah Dodge Charger, tayoyi huɗu kamar ba a taɓa taka su ba. Bai cika wata huɗu ba ya dawo mini da ita cikin fushi, ya ce na sayar masa da jabun taya, na baya sun suɗe. Na durƙusa na shafa, sai na ga gefen zanen ya yi gashi-gashi, robar tana ɓarewa kamar gogen fensir. Lokacin Afrilu ne, zafin Kano ya haura digiri 40, kuma mutumin kusan kowane mako yana hanyar Kaduna. Na biya rabin kuɗin sababbi domin a rabu lafiya, amma har ga Allah ban san musabbabin ba sai yanzu.

Sani_Direba_Unguwa_Uku:
Alhaji, ai wannan taya ita ce take kashe mutane a hanyar Zariya. Da ta ji zafi sai ta fashe. Ya kamata a hana sayar da ita kwata-kwata.

Malam_Bashir_Lakcara:
Malam Sani, damuwarka a kan hanya take, amma a yi hattara kada mu ɗora wa abu ɗaya laifin abubuwa da yawa. Tayar hunturu a ƙasar zafi tana saurin cinyewa, tana tsawaita nisan da mota take ci kafin ta tsaya, tana kuma tara zafi fiye da wadda aka yi domin yanayinmu. Wannan ya ishe ta zama abin gudu. Amma fashewar taya a hanyoyinmu tana da wasu dalilai da suka haɗu da wannan: tsufan roba, ƙarancin iska, lodin da ya wuce kima, da ramin da ya riga ya karya wayar cikinta. Tayar Beljiyam takan haɗa biyu ko uku daga cikinsu a lokaci guda. Batun hani kuwa, ai tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta shigowa da su, tsadar sababbi ce ta sa kasuwarsu ba ta mutu ba.

Ga abin da kowa zai iya dubawa da kansa. A gefen taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 3519, an yi ta ne a mako na 35 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta haura shekara huɗu. Wannan ya shafi Dakta ma, domin shagunan can sukan karya farashin tayoyin hunturu da suka kwana biyu a sito.

Malam_Isa_MaiFaci:
Malam Bashir, Allah ya saka da alheri. Lambar shekara na san ta, ina kuma nuna wa masu saye, amma wannan dutsen ban taɓa sanin ma'anarsa ba. Ɗazu na shiga shago na ƙirga, cikin tayoyi 40 da ke jingine guda 11 suna ɗauke da shi. Abin ya tsaya mini a rai, domin mafi yawan masu sayensu direbobin haya ne masu zuwa Katsina da Maiduguri da fasinja cike da mota.

Ummi_Zoo_Road:
Ina da 'yar tambaya. Mu ma ai muna da hunturu, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba a Kano ba wasa ba ne. Shin a wannan lokacin ba za su yi amfani ba?

Malam_Bashir_Lakcara:
Malama Ummi, sunan ne ɗaya, yanayin ya bambanta. Sanyinmu na asuba da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, kafin azahar kuma rana ta gasa kwalta. Ba mu taɓa isa inda wannan roba take fara aikinta ba.

Shugaban_Zaure:
Jama'a, maganar tayoyin Beljiyam tana da muhimmanci ƙwarai, kuma ina roƙon Malam Isa ya buɗe mata zare na musamman tare da hotunan tambarin domin direbobinmu su gani. Amma Dakta ya yi tambaya biyu, ta biyun ba a taɓa ta ba. Masu sani su yi magana a kan girman wili.

Usta_Hamisu_BMW:
Ranka ya daɗe, Dakta, ni motocin Jamus nake gyarawa, kuma a wannan ɓangaren ina da abin cewa. Ka sayi wili daban mai inci 18, ka sa taya girma ɗaya a ƙafa huɗu, 255/40 R18. Na yi lissafin: tsayin tayarka ta gaba ta yanzu milimita 661 ne, wannan ma 661 ne, don haka gaba babu abin da ya canza. Ta baya tana da 675, bambancin kusan kashi 2 cikin ɗari ne, kwamfutar motar za ta ɗauke shi ba tare da matsala ba.

Amfanin hakan uku ne a wurina. Taya mai faɗin 275 tana hawa kan dusar ƙanƙara ne ta yi iyo, wadda ta fi siranta kuwa tana yanka ta ta nemi ƙasa. Sannan gefen taya mai lamba 40 ya fi na 35 tsawo, idan ka faɗa ramin da ƙanƙara ta rufe, robar ce za ta sha dukan maimakon wili. Mu da muke Kano mun san yadda rami yake lanƙwasa wili mai inci 19, kusan kowane mako ana kawo mini. Na uku, idan girmansu ɗaya ne za ka iya mayar da na gaba baya a shekara ta biyu, tunda mai jan baya na bayan take ci.

Abu ɗaya za ka duba kafin ka biya kuɗi. Ka leƙa ta cikin wili ka ga launin kalifan birkinka, wato ƙarfen da yake matse faifan birki. Idan shuɗi ne, birki ne na yau da kullum, inci 18 zai shiga. Idan ruwan zinare ne, to birkin kabon-siramik ne, faifansa ya fi girma, dole ka tsaya a inci 19. Ko da shuɗi ne, ka sa su gwada wili ɗaya a gaba su juya shi da hannu a gabanka, domin ba kowane wili mai inci 18 ne yake wuce kalifa ba.

Dakta_Nura_Gwale:
Usta, na duba hotunan motar a wayata, shuɗi ne. Wannan ya sauƙaƙa mini. To idan kuɗi ya yi nauyi, tunda baya ce take jan motar, ba zai yiwu in fara da biyu a baya ba?

Usta_Hamisu_BMW:
Kada ka kuskura, Dakta. Idan baya ta riƙe ƙasa gaba ba ta riƙe ba, motar za ta tashi lafiya, amma ka murɗa sitiyari ta ƙi juyawa, ka taka birki ta ƙi tsayawa, domin yawancin aikin birki a gaba yake. Ko huɗu ko babu.

Maman_Ilham_Otawa:
Dokar Kebek ma duka ƙafafun take nema, ba biyu ba. Kuma Dakta, ka kira shagon tun kana Kano ka kama rana. Da an shiga Nuwamba layi yake yin tsawo, da dusar farko ta sauka kuwa sai mutum ya yi makonni bai samu wuri ba, girman da kake nema ma yana iya ƙarewa. Kada ka ɗauki 1 ga Disamba a matsayin ranar sawa. Tayoyin da ke motarka yanzu sun zama haɗari tun farkon Nuwamba, ko da ƙwayar dusa ɗaya ba ta faɗo ba.

Mubarak_Sitokhom:
Assalamu alaikum, ina karatu a Suwidin, kuma na ga ba wanda ya ambaci tayoyi masu ƙusa. A nan da Finlan mutane da yawa su suke sawa, musamman a wajen manyan birane, kuma a kan ƙanƙara mai santsi irin wadda Anti Maman Ilham ta bayyana babu abin da ya kama ƙafarsu. Kamfanin Nokian na Finlan ne, su ne suka fara ƙera tayar hunturu a 1934, sunan Hakkapeliitta kuma yana nan tun 1936, suna da mai ƙusa da marar ƙusa a ƙarƙashin sunan. Na duba na ga Kebek ta halatta ƙusa daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu.

Injiniya_Kabiru_Munik:
Mubarak, a Jamus an hana su saboda suna cin kwalta. Ko inda aka halatta ma, ban ga dacewarsu da mutumin da rabin tafiyarsa babbar hanya ce da ake sharewa ba. A busasshiyar kwalta ƙarfe ne yake shiga tsakanin roba da ƙasa, ga ƙara kamar ana soya gyaɗa a ƙarƙashin mota, kuma mota mai ƙarfin M3 za ta iya tuttuge ƙusoshin baya idan ƙafar direba ta yi nauyi. Wasu gine-ginen ma ba sa barin mai ƙusa ya shiga garejinsu na ƙasa, sai Dakta ya tambayi mai gidansa da asibitinsu.

Auwal_Toronto:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai da saiti biyu ba. Akwai tayoyin da ake sawa duk shekara waɗanda suke ɗauke da tambarin dutsen, kamar Michelin CrossClimate 2, doka ta yarda da su. Su ne a motata shekara uku ke nan, ba canji, ba kuɗin ajiya. A nan lardin Ontariyo ma doka ba ta tilasta mana ba, rangwamen inshora kawai ake samu.

Maman_Ilham_Otawa:
Auwal, wace mota ce taka?

Auwal_Toronto:
RAV4 ce, Anti, mai jan ƙafa huɗu.

Maman_Ilham_Otawa:
To ka gani. Toronto ta fi Montiriyal sauƙin sanyi da ƙarancin dusa, motarka tana da tsayi daga ƙasa, kuma ƙafa huɗu suke jan ta. Ta Dakta a ƙasa take, baya kaɗai ke tura ta, ga ƙarfi ya ninka na taka. Ko kai ma ka sani cewa jan ƙafa huɗu wajen tashi yake taimako, wajen tsayawa kowace mota ƙafa huɗu take da su. Irin tayarka za ta rage masa daɗin motar da bazara, ba za ta kuma ba shi cikakken tsaro da hunturu ba.

Injiniya_Kabiru_Munik:
A wannan ni da Hajiya bakinmu ɗaya. Bari in ƙara abubuwa biyu da ake mantawa. Iskar taya tana raguwa da sanyi, kusan PSI ɗaya a ma'aunin iskar taya a duk digiri 5 ko 6 da aka sauka, don haka tayar da aka hura a cikin shago mai ɗumi za ta nuna ƙasa idan ta kwana a waje. Ka riƙa aunawa da safe kafin ka tuƙa. Na biyu, tayoyin zafin da za ka cire kada ka bar su a baranda ko rumbun da ke daskarewa, domin irin wannan roba tana iya tsagewa a tsananin sanyi. Ka wanke su, ka sa kowace a leda, ka rubuta wace ce ta gaba dama wace ce ta baya hagu, ka ajiye su a cikin gida nesa da na'urar ɗumama ɗaki.

Usta_Hamisu_BMW:
Haka ne. Ka kuma tambaye su ko motarka tana da na'urar auna iska a cikin kowane wili, ko kuwa da na'urar birkin ABS take gane taya ta sace, domin BMW na wannan zamani akwai masu wannan akwai masu wancan. Idan a cikin wili take, sababbin wilin ma sai an sa musu, in ba haka ba fitila za ta zauna maka a dashbod har bazara. Sannan maɓallin DSC da ke kusa da giya, wato na na'urar da ke hana mota zamewa, kada ka taɓa shi a kan ƙanƙara, ka bar injin a saitinsa mai sauƙi na Efficient. Na san matasa suna son kashe shi su juya mota, ko a nan titin BUK mun ga abin da hakan yake jawowa a busasshiyar kwalta, balle inda ƙasa take kamar gilashi.

Abba_Kurna:
Duk da wannan bayani ni har yanzu ina ganin Corolla ta fi. Idan dusa ta taru ta kai tsayin bamba, babu tayar da za ta fitar da mota mai ƙasa haka.

Maman_Ilham_Otawa:
Wannan gaskiya ne, Abba, akwai ranaku biyu ko uku a shekara da ya fi masa alheri ya bar ta ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, tunda ya saba da shi.

Dakta_Nura_Gwale:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru fiye da yadda na zata. Maganar wili ta zauna, zan bi lissafin Usta, inci 18 girma ɗaya, kuma gobe in sha Allahu zan kira shagon in kama rana a makon da zan sauka. Ƙusa na ajiye ta gefe. Tsakanin Injiniya da Hajiya kuwa zuciyata ta fi karkata ga mai laushin, domin a ɗakin gaggawa nake aiki, kuma na ga waɗanda ake kawo mana a safiyar da ruwa ya daskare a titi. Amma maganar Injiniya a kan jiƙaƙƙiyar babbar hanya ba ta bar ni ba, tunda kilomita tara nake yi a kanta kullum da motoci gaba da baya. Akwai wanda ya taɓa sa Michelin X-Ice Snow ko Continental VikingContact 7 a mota mai jan baya mai ƙarfi? An ce mini sun ɗan fi sauran masu laushin tsayuwa a kwalta.

Injiniya_Kabiru_Munik:
Ban taɓa sa su ba, a nan ba su ne ake yayi ba. Kafin ka tsayar da suna, ka sa mai shagon ya faɗa maka waɗanda ake samu a 255/40 R18 da lambar ɗaukar nauyi da ba ta gaza ta tayarka ta asali ba, domin wataƙila girman ne zai yanke maka hukunci.

Maman_Ilham_Otawa:
Wani maƙwabcinmu yana da X-Ice Snow a Mustang ɗinsa, hunturu biyu ke nan ina ganin yana fita da ita. Zan sa maigidana ya tambaye shi yadda take yi masa a babbar hanya da kuma yadda na bayan suka ci, in kawo maka amsa kafin Juma'a.

Malam_Isa_MaiFaci:
Shugaba, na ɗauki hotunan tambarin guda uku, ɗaya na M+S, ɗaya kuma na lambar shekara. Waɗancan 11 ɗin na ware su bayan shago tukuna. Wane ne zai taimaka mini ya rubuta bayanin a ƙarƙashin kowane hoto kafin in ɗora?